Katina, Sunan Nasiru

Wata Alhamis ce da la'asar, a shekarar da na shiga aji biyar, muna buga ƙwallo a lungunmu na unguwar Shumaisi a Riyad, mun kafa raga da gwangwanayen madara, sai ga Nasiru ya fito daga gidansu yana ɗaga ambulan sama. Wasa ya tsaya cak. Ya zaro katin hoton wani tsohon ɗan wasan Italiya, ga sa hannun mutumin da shuɗin biro a ƙirjin rigarsa. Yara suka yi masa caa, kowa na roƙon ya taɓa. Ni kuwa na koma gefe ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Wallahi ji na yi kamar an zuba mini barkono a ƙirji.

Katunan kam kowa na da su, a baƙala, wato shagon bakin titi, muke saye in an aike mu burodi. Amma aika su ga 'yan wasan da suka yi ritaya, su sa hannu su dawo da su, wannan sai Nasiru. Babansa likita ne daga Kano, yana da akwati a gidan waya har da ɗan makullinsa. A lokacin ba a kawo wasiƙa ƙofar gida a Riyad, in ba ka da akwati to ba ka da adireshi. Babana direba ne daga Maraɗi, duk takardar da za ta zo mana sai ta bi ta akwatin kafil, wato Balaraben da yake wa aiki. Da na roƙi Baba ya aika mini kati ta nan, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce akwatin mutane ba wurin wasan yara ba ne.

To ina da kati ɗaya da babu mai irinsa a unguwar, na wani tsohon golan Brazil. Nasiru ya sha zube mini tulin katunansa mu yi musanya, na ƙi, don shi kaɗai ne abin da na fi shi. Daga baya na haɗiye girman kai na ce ya aika mini shi ta akwatinsu. Nan take ya yarda, ko ɗan jan rai bai yi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi. Makarantar Larabci nake, Turancina bai wuce gaisuwa ba, don haka shi ya rubuta roƙon. Sunansa kuma ya sa a ƙasa, tunda akwatin nasu ne. Ban kawo komai a raina ba. Aka shafe watanni. Ina mirgino tukunyar gas daga shago, ina wanke motar da Baba ke ja, ina taya Inna shanya a saman bene, amma idona na kan ƙofar gidansu.

Ran nan bayan Juma'a ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, fuskarsa ba walwala. Katina ne ya dawo, golan ya sa hannu raɗau. A saman hoton kuma ya rubuta gaisuwa da manyan baƙaƙe, ga abokinsa Nasiru.

"Naka ne, karɓi," in ji shi. "Wallahi ban ce ya sa sunana ba."

Na san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da dariya ya yi mini, da na samu dalilin shaƙe shi. Na karɓa ba godiya. Da na kai shi makaranta, yaron farko da na nuna wa ya tambaye ni ko Nasiru ya san na ɗauko masa. Ban sake nuna wa kowa ba. Da kwangilar babansa ta ƙare suka koma Kano, ko sallamar kirki ban yi masa ba.

Yau ina zaune a unguwar Suwaidi, nan Riyad ɗin dai, saƙo har ƙofa ake kawo mini, yara kuma ta waya suke yi wa 'yan wasa magana, ba su san daɗin jira ba. Wani lokaci nakan yi kewar lungun nan da gwangwanayensa. Kwanan baya ɗana ya tono katin cikin kayana, ya karanta, ya ce, "Baba, wane ne Nasiru? Me ya sa ba ka mayar masa da katinsa ba?" Da furfurata da komai, sai na ji raina ya ɓaci. Ashe har yau ban yafe wa yaron da bai yi mini laifin komai ba.