Tekun da ke Gefen Gadon Atine

Hezekiya Badung ya yi shekara talatin da huɗu yana zana taswirar filaye a wani ofishin gwamnati a Jos, ba a taɓa kama shi da kuskuren inci ɗaya ba. Alkawari guda ne bai auna ba kafin ya ɗauka. Ranar aurensu, a ƙofar coci a Kuru, ya ce wa amaryarsa Atine zai kai ta ta ga teku. Ta ce to. Daga nan aka shiga haihuwa da reno da jana'izar dangi, teku kuwa yana can inda Allah ya ajiye shi, bai matso ba.

Shekara biyu bayan ya yi ritaya, likita ya gaya musu hawan jinin ido ya cinye idon Atine na hagu, na daman ma da wuya ya wuce shekara. Ƙafafunta kuma ba za su jure zaman mota zuwa Legas ba. Bayan kwana uku Hezekiya ya yanke shawarar kawo teku gidansu a Anguwan Rukuba.

Ya je wurin Sylvanus, mai sayar da kifin ado, wanda ke iya yo odar murjani mai rai, irin mai tsirowa a ƙarƙashin teku, da gishirin haɗa ruwan teku.

"Oga, teku ba shi son tsayi, faɗi yake so," in ji Sylvanus. "Yi akwatin gilashin a kwance, ƙafa huɗu. Zurfi kada ya wuce hannunka. Ruwa mai yawa ba shi saurin fushi. Ƙaramin ruwa, sanyin Jos ya taɓa shi, ya gama."

Hezekiya ya saurare shi yadda ya saba sauraron shugabanninsa a ofis: ya gyaɗa kai, ya yi godiya, ya tafi ya yi abin da ya riga ya zana. Ya auna ɗakin tuntuni. Tsakanin gado da durowar kaya ƙafa ɗaya ce da inci biyu, kuma iya nan ne idon Atine ke kaiwa. Duk wanda ya yi aikin filaye ya san abin da ake yi in fili ya yi kaɗan: bene ake ɗorawa. Sai ya tayar da ƙafa huɗun Sylvanus tsaye.

Zainulabideen, mai yanka gilashi a Jos Jarawa, ya juya takardar sau biyu.

"Baba, ai wannan akwatin masu burodi ne. Kanta nawa za a jera ciki?"

"Ba kanta. Ruwa za a zuba."

"To, sai a ƙara kaurin gilashin."

Ya kuwa yi aiki mai kyau. Ko ɗigo bai taɓa yoyo ba, har yau.

Aka jera duwatsu, aka zuba ruwa, aka haɗa fitila da famfo da abin ɗumama ruwa, aka jira sati shida ya zauna. Sannan murjani biyar suka iso, masu ruwan ƙasa da kore, da kifi biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara. Atine takan kai fuskarta dab da gilashi.

"Baban Klaudiya, wane ne ya wuce yanzu da gudu?"

"Ƙaramin ne."

"Ba shi da tarbiyya."

Murjanin dai ba ta gan su ba. Ta ce duhu kawai take gani a wurin.

Su ma murjanin duhun suke gani, don fitilar da ke sama ba ta kai ƙasa. Datti ya fara taruwa a gindi. Hezekiya ya naɗe hannun riga ya zura hannu har hammata, yatsunsa suka tsaya a tsakiyar akwatin. Ya auna bango, ya auna ƙofa, ya auna nisan matashin matarsa da gilashi. Hannunsa ne bai auna ba. Ya ɗaura soso a bakin muciya, ya karya murjani ɗaya da ita.

A watan Agusta aka yi kwana uku ana ruwa, babu wuta. Famfon da ke juya ruwan ya tsaya, abin ɗumama shi ya mutu. Hezekiya ya lulluɓe akwatin da bargonsa kamar mai zazzaɓi. Bakin akwatin ƙunci ne, iska ba ta shiga. Rana ta uku da hantsi ya kwashe kifayen biyu da cokalin miya, ya binne su a gindin gwaiba. Cikin sati guda murjanin suka koma fari fat.

Sylvanus ya zo ya duba, ya ja Hezekiya tsakar gida.

"Oga, murjanin sun mutu, wannan ƙashinsu ne. In za a sake, sabon akwati, kuma a falo. Wata huɗu kafin ya yi kyau."

Hezekiya ya lissafa watannin da suka rage daga shekarar likita, ya kuma tuna nisan falo da gado. Ya raka baƙonsa bakin titi.

Da ya dawo ya tarar da Atine ta dafa gilashin da tafin hannu.

"Yanzu ne nake ganinsu sosai," ta ce. "Fari tas. Ashe haka teku yake?"

"Haka yake."

"Marar tarbiyyar nan fa? Kwana biyu bai wuce ba."

"Yana ƙasa. Akwatin da zurfi."

Tun daga ranar, kullum da safe yakan kunna fitilar, in akwai wuta, ya goge gilashin daga ciki iya inda hannunsa ya kai.