Abdulmannan, Ranar da Motar Asibiti Ta Tafi Kai Kifi

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makoma take. Ranar Talata, 11 ga Nuwamba, 2025, bayan la'asar, ƙanena Abdulmannan ya rasu a kan hanyar Hadejia yana ɗan shekara goma sha tara. Injin casar shinkafa ne ya kama masa hannu a gonar Baba, a fadamar ƙauyenmu da ke ƙasar Guri. Ni ce yayarsa, Nuriyya. An ce in ja bakina in yi shiru. Maigidana ya rantse, ranar da na faɗi abin da na sani a gaban jama'a, aurenmu ya ƙare. To, ga shi na ɗauki biro.

Abdulmannan, autan Inna. Da ka gama sakandare a Hadejia, Baba ya so ka yi karatun malanta. Ka ce a ba ka shekara guda ka leƙa aikin jinya tukuna, ka ga ko zuciyarka za ta ɗauka. Ka je ka liƙe wa Sista Tani, nas ɗin ƙaramin asibitinmu, mutuniyar Kafanchan da ta daɗe a cikinmu har ta zama 'yar gari. Ranar farko aka kawo wani masunci da fatsa ta tsage masa tafin hannu. Kana ganin allurar ɗinki ta shiga fata, sai ga ka a ƙasa warwas! Sista ta bar majinyaci ta koma yayyafa maka ruwa. Mun yi wata guda muna maka tsiya a gida, amma tun washegarin faɗuwarka da sassafe ka koma.

Samarin majalisa suka sa maka suna "Nas", wai aikin mata ka zaɓa. Ba ka taɓa fushi ba. Cewa kawai kake yi, "Ranar da aka fasa muku kai kwa tambaya mace ce ko namiji." Kakan hau motar kasuwa ka tafi Hadejia, ka wuni a bakin sashen gaggawa kana damun ma'aikata da tambaya. Wata rana ka dawo kana rawar jiki ka ce mini, "Yaya, na gano wurina. Bakin ƙofa nake so, inda ake shigo da mutum a guje." Sabuwar shekara kake jira ka nemi makarantar koyon aikin jinya.

Ba zan manta ranar da zazzaɓi ya sa 'yata Amira jijjiga ba. Mata sun cika ɗaki, wata na turara hayaƙi, surukata na ƙoƙarin cusa mata cokali a baki. Ka shigo, ka durƙusa ka gaida tsohuwar, ka zare cokalin daga hannunta kana ba ta haƙuri. Ka kwantar da yarinyar a gefenta, ka buɗe taga, ka yi ta goga mata jiƙaƙƙen tsumma har ta dawo hayyacinta. Gidan da ka yi wa wannan, shi ne gidan da ya saka maka da abin da zan faɗa.

'Yan asalin garinmu mazauna birni sun haɗa kai sun saya wa asibitin motar ɗaukar marasa lafiya, mai tsayin ƙafa, wadda rairayin hanyarmu ba ya riƙe ta. Aka damƙa makullinta a hannun shugaban kwamitin asibiti, Gwadabe, wan maigidana, dillalin kifi. Kai kake wanke ta duk Juma'a, ba wanda ya sa ka.

A ranar nan, da aka ciro hannunka daga injin, kai da kanka kake gaya wa mutane inda za su ɗaure. Sista Tani ta iso ta duba, ta ce sai Hadejia, yanzu-yanzu, sai an ƙara maka jini. Aka ruga asibiti, babu mota. Ni na kira Gwadabe da wayata, kuma ya ɗauka. Na ce, "Yaya, Abdulmannan ne, jini yake zubarwa, ka dawo da motar." Bai yi nisa ba, don masu gona sun ga fitarsa ba da jimawa ba. Ya ce, "Haba Nuriyya, ɗanyen kifi na ɗauko, ba ya jira. Ku ɗaure masa da tsumma, yanzu zan sauke in juyo." Ya kashe. Na sake kira har wayar ta yi zafi a hannuna, tasa a rufe.

A babur aka ɗora ka, Sista tana rungume da kai ta baya, ni ina biye a wani. Rairayi yana cin taya, a sauka a tura, a sake hawa. Kana ta ce wa Sista ta riƙa yi maka magana kada ka yi barci. Kafin mu hau kwalta ka ce a sauke ka. A cinyata ka yi kalmar shahada.

Muna nan a gindin wata tsamiya sai ga motar ta dawo fayau. Gwadabe ya fito yana salati, ya buɗe bayanta, ya ce a sa gawa. Ƙarnin kifi ya buge mu, ruwansa na tsiyaya daga gadon da kake gogewa da hannunka. Na tare ƙofar na ce wallahi sai dai a bi ta kaina. A amalanken shanu muka mai da kai gida.

Ranar sadakar uku Gwadabe ya zo da dattawa, ya ce shi babu kiran da ya shigo masa, wurin ba sabis. Aka ce kwana ne ya ƙare. Na sani, na yi imani da ƙaddara, ba sai an karanta mini ba. Amma ƙaddara ba ta kashe waya. Baba, mutumin da bai iya musu ba, ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe. Aka aiko cikin gida wai ni ma in ce na yafe, tunda abin na gida ne. Na ce a gaya wa Gwadabe Allah ya isa.

Ban yafe ba, Abdulmannan. Ba zan yafe ba. Ina tashi da ƙiyayyar mutumin nan, ina kwana da ita, kuma ba na roƙon Allah Ya cire mini. So nake a karɓe makullin a gaban mutanen da yake wa taƙama. So nake hukuma ta tsayar da shi. So nake duk inda ya ajiye kwandon kifinsa a kasuwa, a nuna shi da baki. Sauran kuma mu haɗu ranar da babu dattawan da za su raka shi. Ranar Asabar waɗanda suka sayi motar za su zauna su ji yadda aka yi, kuma ni kaɗai na ji muryarsa a wayar.

Ya Allah, Ka jiƙan Abdulmannan, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sa jinin da ya zubar ya zama kaffara. Ka ba shi ladan aikin da ya yi niyya bai kai ba, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Baba, Inna, Allah Ya ba ku haƙurin da ni ban samu ba. Ku gafarce ni, a wannan karon ba zan bi ku ba. Sista Tani, kin rasa ɗa, Allah Ya saka miki da alheri.

Baban Amira, kai ma ina maka ta'aziyya, don ka yi kuka a kansa, na gani. Na kwaso kayana, ina ɗakin Inna. In takardata za ka ba ni, kada ka wahalar da ɗan aike. Ka zo da ita wurin taron ranar Asabar, ka jira in gama magana, in karɓa.