Didi Shefali ta Ɗakin Ƙarin Ruwa

Kafin bakwai na safe Shefali Barman, ma'aikaciyar jinyar da kowa ke kira Didi, wato yaya, ta sauka daga keken haya a ƙofar asibitin gundumarmu, ta tattare bakin sarinta, dogon zanen da take naɗawa, saboda taɓo, ta hau bene. Gado goma sha ɗaya ne a ɗakin da ake ƙara wa masu ciwon daji ruwan magani, matan kuwa kan haura ashirin. Ta san wadda jijiyarta ta ɓuya, ta san wadda ƙamshin miyar kifi ke sa ta amai. Sai ta gasa hannun kowacce da tsumma mai ɗumi kafin ta soka allura. Shekara ashirin da shida tana haka. Watan jiya ta yi ritaya, duk faɗin asibitin nan ba a samu wanda ya haɗa mata ko shayin sallama ba. Da ɓacin ran nan nake rubutu.

Ku tambayi Hasna Banu, matar wani manomi a tsibirin kogi. Ciwon daji ya kama ƙwan haihuwarta, ba a gane ba sai da ya bazu a ciki. Aka yi mata aiki, aka ƙara mata ruwa zagaye shida, likita ya ce ta dawo hoton ciki bayan wata uku. Ranar ta zo, ba Hasna. Shefali ta buga wa mijin, Mottalib, waya.

"Didi, ai ta warke," in ji shi. "Tana cin shinkafarta kamar kowa. Ga girbi a kanmu."

"Kai ne na'urar hoton, da ka leƙa cikinta ka gani?"

Ya kashe wayar.

Ran Juma'a, ranar hutunta, Shefali ta hau bas, ta hau kwalekwale. Ta iske Hasna a tsakar gida tana juya shanyar shinkafa, Hasnan ta sassauta ɗaurin sarinta don kada a lura cikin ya sake tasowa.

"Hasna, dube ni. Tun yaushe?"

"Sati uku, Didi. Na ce bari a gama girbi."

Uwar mijin ta leƙo daga madafa. "An yanka ta, gashinta ya zube. Me kuma kuke so ku yi mata?"

"Khala," wato inna, in ji Shefali, "da saniyarku ce ta kumbura haka, da tun shekaranjiya kun ɗauko mata likita."

Maƙwabta na tsaye suna ji. Mottalib ya sunkuyar da kai, ya shiga ɗaki neman takardun asibiti.

Da suka zo ran Litinin, sai akawu ya ce su dawo bayan sati biyar. Ashe gurbin da Shefali ta kama wa Hasna an ba surukin wani babba, mai ciwon gwiwa. Shefali ta sauko ta tsaya a ƙofar ɗakin hoton, ta tare ta da jikinta.

"Ranka ya daɗe, gwiwarka za ta jira sati biyar. Cikin nan ba zai jira ba."

Aka ɗauki hoton Hasna a ranar. Hoto ya nuna ciwon ya dawo, har ya taɓa hanta. Likita ya sauya magani. Hasna ta riƙe hannun Shefali tana tambaya ko za ta tashi.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, ƙanwata. Ba warkewa muke nema ba yanzu. Kwanaki muke nema, masu daɗi, kuma za mu neme su da ƙarfinmu."

Wata ashirin ke nan Hasna na raye. Duk sati uku Mottalib ke kawo ta, ran da ƙafa ta ƙi ya goya ta har bene. Ita kuwa Shefali, me ta samu? Takardar gargaɗi, wai ta yi wa baƙo rashin ladabi. Da wannan takarda aka hana ta ƙarin girma har ta bar aiki. Akawun yana nan kan kujerarsa.

Didi, ke ce mai riƙe kan mace tana amai ba ki kau da fuska ba. Ke ce kika san cewa matan nan ba ciwon kaɗai ke cin su ba, har da "bari a gama girbi" da "ai ta warke". Uwar marasa gata, sun ƙi gode miki, to mu mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar da kika nema wa wasu.

Ku ma'aikatan da ta bari, ranar da gado ya zauna babu mai shi, ku ɗauki waya ku nemi dalili. Kai kuma da aka rubuta wa matarka ko mahaifiyarka ranar hoto, tashi ka duba takardar yau. In ranar ta wuce, gobe da safe ka kai ta.