Jinin Mai Turara Shinkafa

Aikina binciken garkuwar jiki ne, yadda take kokawa da ƙwayar cutar ƙanjamau. A Kano nake aiki, amma a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure aka yanke cibiyata, shi ya sa da aka tashi neman mai zuwa karɓo jini daga wani ƙaramin asibiti a can, ni aka tura.

A nan na haɗu da wata dattijuwa mai turara shinkafa. Cutar ce ajalin mijinta, ita ma gwaji ya nuna tana ɗauke da ita, amma shekara da shekaru ba ta shan magani, ba ta kuma taɓa kwanciya ciwo ba. Da na auna jininta, da ƙyar ake ganin ƙwayar. Na zaci na'ura ce ta yi kuskure. Na sake, na kuma sakewa. Ashe jikinta ne ya danne cutar da kansa. Irinta ba su da yawa.

Tun daga ranar na rasa sukuni. Na roƙe ta ta shiga bincikenmu, ta yarda. Duk bayan 'yan watanni sai in sauka a Kura, in hau babur mu bi gefen kanal ɗin ban ruwa, kular ƙanƙara ta ajiye jini a cinyata, ina ta matsa wa mai babur ya yi sauri kada ƙanƙara ta narke. Gidanmu ma a tsaitsaye nake leƙawa, har yayana ya fara ƙorafi.

Wata rana ina ɗaure mata dantse ta ce, "Likita, wai me kake nema a jinin nan nawa?"

Na ce, "Inna, jikinki ya san wata dabara da ba mu sani ba. Ita muke so mu koya."

"To ka koya da wuri mana. Hannuna ya gaji da allura."

A shekara ta uku sakamako ya fara sauyawa. Ƙwayar ta soma ɗagowa, kaɗan-kaɗan. Na san abin da ya kamata: ta fara shan magani. Na kuma san da zarar ta fara, ba zan ƙara ganin abin da jikinta yake yi shi kaɗai ba. Kwana biyu takardar sakamakon tana aljihuna. Ba na alfahari da kwanakin nan. Na je gonar tumatirin yayana na yi ta zagaye har ya tambaye ni ko wani abu na yar.

A rana ta uku na same ta tana shanya shinkafa, na gaya mata.

"Ba kai ka ce ƙalau nake ba?"

"Ƙalau kike, Inna, amma jikin ya fara gajiya. Gara a taimaka masa."

Ta dube ni. "To aikin naka fa?"

Na ce zai jira. Ni na raka ta asibiti ta karɓi maganin.

Tana nan da ranta da lafiyarta. Mun gano wasu abubuwa a jininta, mun rubuta, amma ainihin dabarar ba mu kama ta ba. Yanzu asibitocin Madobi da Garun Mallam nake zagawa, ina neman wani mai irin jikinta. Duk sakamakon da ya zo hannuna, tun kafin in zauna nake buɗe shi.