Ruwan Garinsu Iya

A bazarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, wata ranar Laraba da hantsi, famfon gidanmu na Daura ya yi tari, ya yi kaki, sannan ya feso ruwa a karon farko. Ina aji huɗu a firamare, ranar ma ƙaryar ciwon ciki na yi na ƙi zuwa makaranta. Ni da ƙannena muka shige ƙarƙashinsa da kayan jikinmu, Umma tana faɗa tana dariya, Baba kuwa yana tsaye a bakin zaure, baki har kunne. Rijiyarmu ta rufta tun da damina, shi ne ya sa aka cike ta, ya sayar da ragunansa ya jawo mana ruwa daga bakin titi. Aka cika moɗa aka kai wa Iya, mahaifiyarsa, wadda nake kwana a ɗakinta kuma aka sa mini sunanta. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta tofar a gindin zogale, ta ce zartsi gare shi.

Mun ɗauka rigimar tsufa ce, ashe da gaskiyarta. Ranar Asabar in na zauna wankin kayan makaranta, sai in goga sabulu in goga, kumfa ta ce ba da ita ba, sai wani dussa-dussa da ke yawo a saman baho. Wake kuwa sai ya ci itacen yini guda yana nan ƙiƙam, sai Umma ta ƙara masa kanwa. Butar shayin Baba ta yi farin ɓawo a ciki, ni ake ba cokali in kankare, ina yi ina ƙunƙuni. Abin da ya fi ci wa Iya rai shi ne randarta. Randa ce da ta zauna a jiƙaƙƙen yashi, Iya na turara ta, ta jefa mata jema don ƙamshi, ruwanta har haƙori yake kamawa. Da ta sha ruwan famfo na 'yan makonni, sai jikinta ya yi fari-fari, ta daina gumi, ruwan ciki ya koma ɗumi. Iya ta ce, "Randar da ba ta gumi ai tukunya ce."

Duk wannan ba ta taɓa faɗa wa Baba ba, don shi ne ɗanta na fari. Iya mutuniyar da ce, alkunya har ta yi mata yawa. Ba ta kama sunansa, ba ta kallon idonsa, in ya durƙusa gaishe ta a bakin ƙofa sai ta amsa tana duban bango. In tana da saƙo ni take ba, ko da yana wurin: ki ce wa mai babur kaza. Wallahi abin yana ba ni haushi, don a lokacin gani nake ba ta son babana.

Da zafi ya kai zafi sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Malamin asibiti ya zo ya yi mata allura, ya ce maganinta na gaske shi ne ruwa, in ba ta sha ba sai dai a kwantar da ita a ɗaura mata. Iya kuwa ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta kwana a asibiti, ruwan kuma da ta kai baki sai zuciyarta ta tashi. Babu dabarar da ba mu yi ba. Umma ta tafasa ta tace, ta jiƙa tsamiya, na ɗebo na rijiyar maƙwabta ta ce yana warin masai, aka sayo na leda ta ce roba. Leɓunanta suka tsattsage, muryarta ta shige. Na tsorata ƙwarai, don ina ganin tana ƙarewa a gabana. Cikin zafin ciwon ne na ji tana ta ambaton rijiyar garinsu, wani ƙauye gaba da garin Babban Mutum, wai ruwanta kamar an sa zuma. Na kwashe na faɗa wa Baba.

Washegari da ya fito daga sallar asuba ya ɗaure jarka a bayan babur ya kama hanya. Bai dawo ba sai bayan la'asar, riga jiƙe da gumi, ƙafafu furu-furu, ko abinci bai ci ba. Umma ta zuba ruwan a sabon tulu ya huce, na cika moɗa. Baba ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Iya, ita dai rijiyar nan..." Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta karɓi moɗar daga hannuna, ta kurɓa, ta ɗan tsaya, sannan ta kafa kai har sai da ta ga ƙasanta. Ta miƙo mini ta ce in ƙaro.

"Takwara," in ji ta, idonta na kan bango, "ki ce wa mai babur ruwan ya iso. Ya tashi ya je ya ci abinci."

Da na fito na ɗanɗana ragowar. Zartsi ne zalla, har ya fi na famfonmu. Na buɗe baki zan yi magana, Umma ta mintsine ni a cinya. Daga baya na ji Baba yana gaya mata cewa rijiyar ta daɗe da ƙafewa, mutanen ƙauyen ruwan famfon tuƙa-tuƙa suke sha, daga nan ya ɗebo don kunyar dawowa hannu rabbana. Harshen Iya kuwa bai taɓa kuskuren ruwa ba. Ta shanye jarkar nan tas, ta miƙe, ta ci gaba da shan na famfo har ƙarshen rayuwarta.

Yau ina Katsina da iyalina, ruwan leda muke saye jaka-jaka, sanyi kuma sai dai na firiji in an kawo wuta. Ɗana na fari sunansa nake rangaɗawa gatsal, har in rungume shi a gaban baƙi, wai zamani. Amma in na tuna fuskar Baba sa'ad da ya miƙe daga bakin ƙofar nan yana goge ido da hannun riga, sai kewar tsohuwar ta cika ni. Ban san ko na taɓa gaya wa nawa ɗan abin da ta gaya wa nata a ranar ba.