Jatau Mai Ɗinkin Guga da Motonsa Mai Ƙafa Uku

Kafin mata su fara taruwa a bakin rijiya, Jatau ya riga ya gama shiri. Idan ya idar da sallar asuba, sai ya zura hannuwansa cikin takalman katakon da yake tafiya da su, ya ja jiki zuwa gindin itacen bedi inda motonsa yake kwana. Ya auna esansi, wato fetur, da tsinke, ya danna tayoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure jakar basilla da zare da guntayen roba a baya. Sannan ya kama kan moton, ya ɗaga jikinsa sama da ƙarfin damtse kawai. Matarsa Zara'u ta miƙo masa gorar fura, ya ja sandar tayarwa, duk kajin Garin Auta su watse. Yau ya yi wajen Hawandawaki, gobe ya zaga rijiyoyin Korgom, idan an aiko kuma har ƙauyukan Mayahi yana zuwa.

Sana'arsa ɗinkin guga da wasaki. Wanda bai taɓa jan ruwa daga rijiya mai gaba ashirin ba zai ce wannan ai ƙaramin aiki ne. To ya tambayi matar da ta ja igiya har tafinta ya yi kanta, guga ya iso baki da rabin ruwa saboda ɗinki ya saki. Sama da shekara hamsin ke nan Jatau yana hana wannan baƙin cikin. Bana ido ya fara gardama, zare ba ya shiga basilla sai ya yi ta lalube, ya ce zai ajiye yawon rijiyoyi. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa.

Shan inna ya kama shi yana ɗan shekara huɗu, ya tafi da ƙafafun duka biyu. Ya koyi ɗinki, ya samu jaki, yana bin rijiyoyi. Sai farin tamanin da huɗu ya zo. Gero bai ko kai gwiwa ba ya bushe, dabbobi suka yi ta faɗuwa, jakin Jatau ma ya kwanta bai tashi ba. Mai ƙafa idan jakinsa ya mutu sai ya taka. Jatau kuwa zama ya kama shi a ƙofar gida, rijiyoyin da ke jiransa suka koma masa kamar Makka don nisa.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba, kuma duk bakinsu ɗaya: ya tafi Maraɗi ya zauna a ƙofar babban masallaci, ai irinsa ba a hana su sadaka. Wannan magana ita ta fi yunwar ci masa rai. Ya ce wa Zara'u, "Hannun ga da ke ɗinki, ba ni miƙa shi ga kowa. In mutuwa ce in mutu nan."

Ana cikin haka ya ji labarin wani tsohon akawu a Tasawa, mai ƙafa ɗaya, da zai sayar da motonsa. Asalinsa moto ne mai ƙafa biyu, aka yanke bayan aka sa masa ƙarfen gindi da taya biyu, aka maido birki da abin tayarwa wajen hannu. Fenti ya koɗe, kujera ta sha faci, hayaƙi kuwa kamar ana gasa tukwane. Jatau ya sayar wa yayansa da rabonsa na gonar gado, ya karɓo wannan tsohon ƙarfe. Ran da aka sauke shi a gari, Zara'u ta zaga shi sau biyu tana riƙe da haɓa.

"Malam, gona ka ba da ka ɗauko wanga? In ya ƙiya fa, mi za mu ci?"

Shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan. Babu gona, babu jaki. Idan moton nan bai bi da shi ba, ƙofar masallacin da ya rantse ba zai zauna ba ita kaɗai ta rage.

A filin idi ya fara koyo, kuma gari bai taɓa samun abin kallo kyauta irin wannan ba. Mutumin da ya shekara goma sha biyar a kan jaki, ranar farko da moto ya nufi dangar Liman, maimakon ya kama birki sai ya shiga dukan tanki da tafi yana daka masa tsawa. Moto bai san tsawa ba. Aka zaro Jatau daga cikin kara, aka ba Liman haƙuri. Amma cikin mako biyu hannu ya faɗa. A fili yana juyi yadda ya ga dama, yana tsayawa daidai inda ya yi niyya.

Tashin hankalin yana kan hanya. Da zarar ya fita gari ya hau turbar yashi, moto sai ya karkace gefe guda, ya yi ta jan hannunsa, kafin ya yi nisa ya kife da shi. Ya faɗi a hanyar Korgom, ya faɗi a hanyar rijiyar Fulani, sau ɗaya bututun hayaƙi ya kwanta masa a cinya har sai da masu wucewa suka ɗaga. Ya ce hannunsa ne bai ƙware ba, ya koma fili ya ƙara wata guda. Tsofaffi suka ce iskokin hanya ne ba su son ƙara, aka ɗaura wa moto laya har uku. Duk a banza. Wata rana da la'asar Zara'u tana shafa masa man shanu a ƙunar, ta ga hawaye yana bin gemunsa. Ya ce mata a hankali, "Ina ga dai Maraɗin za ni." Ta ci gaba da shafa man.

Wanda ya gano bakin zaren Namadi ne, taubashinsa, mai amalanke, wanda shi ma fari ya cinye masa jaki ya bar shi da zaman banza da tsokana. Washegari ya bi Jatau a ƙafa don ya samu abin dariya. Da moto ya kife, Namadi bai ko kai masa hannu ba, ya tsuguna yana kallon ƙasa.

"Kai, ɗan banza, zo ka ɗaga ni mana!"

"Dakata tukuna, sarkin hwaɗuwa. Zo ka ga sawunka."

Duk turbar ƙasar nan amalanken jaki ne suka fitar da ita: rami biyu inda tayoyi ke bi, da sawun jaki a tsakiya. Namadi ya karyo karan gero ya auna tsakanin ramukan biyu, ya kawo ya gwada a bayan moto. Karan ya fi gindin moton tsawo da taki guda. An ƙera shi ne don titin birni. A turba kuwa, taya ɗaya na cikin rami, ɗaya na bisa tudu, ko wane ne a kai sai ya kife.

"Ba hannunka ba ne, ba aljannu ba ne," in ji Namadi. "Gindinai ne bai kai na amalanke ba. Wata biyu kana shan ƙasa a banza, da ka tambayi masu ilimi irina."

Jatau yana kwance cikin yashi ya yi ta dariya har da tari. Suka kai moto da karan nan wurin Bawa, mai haɗa ƙarfe da wuta a Tasawa. Bawa ya yanke ƙarfen gindin ya ƙara masa tsawo daidai karan, Namadi kuma ya ciro katakai biyu daga amalankensa aka yi wurin ɗora kaya. Da suka kamo hanyar gida, tayoyin baya suka faɗa cikin ramukan amalanke, ta gaba ta bi sawun jaki, moto ya miƙe sumul har ƙofar gida.

Bai fi kwana ashirin ba ruwan shuka ya sauka. Murna ta zo da kuka, don an riga an cinye iri tun cikin rani. Lokacin soja ke mulki, kuma gwamnati ta aiko da irin gero, amma kamiyo, babbar motar kaya, a mangazar Korgom, ɗakin ajiyar gwamnati, ya sauke, kowane gari ya zo ya ɗauki nasa. Garin Auta babu dabba mai jan kaya, majiya ƙarfi duk sun tafi cirani, sai mata da tsofaffi da yunwa ta rage musu ƙarfi. Danshin ƙasa kuwa kwana biyu ne, uku idan an yi sa'a. Mai gari ya ba Jatau takarda ya ce, "Ga mu ga Allah, ga mu gare ka."

Da ya isa mangaza ya sauko ya ja jiki zuwa layi. Sojan da ke tsaron ƙofa ya dube shi daga sama ya nuna masa gefe da baki.

"Masu bara su koma can, sai an gama."

Jatau ya zare hannu daga takalmin katako, ya ciro takarda daga hula ya ɗaga. "Ranka shi daɗe, ba bara na zo ba. Irin Garin Auta na zo ɗauka."

Soja ya karanta, ya dubi moton, ya sake duban Jatau. "Kai ne kamiyon garinku?"

"Ni ne."

Sojan nan ya rataya bindigarsa a baya, shi da kansa ya ɗora buhu biyu ya ɗaure. Sahu biyar Jatau ya yi ran nan, huɗu washegari. Kowane sahu yana isowa mata na jira da ƙorai, ana rabawa ana wucewa gona da sungumi. Tafin hannunsa ya fashe, Zara'u ta naɗe masa da tsumma ya koma. Kafin ƙasa ta bushe, babu gonar da ba a shuka ba a Garin Auta, har da wadda ya sayar wa yayansa.

Jatau na Zara'u, mai ƙafa uku da ya riga masu biyu isowa! Kai ne ka kai Lailatu, 'yar garin nan, asibitin Tasawa tana naƙuda a shekarar da kwari ya cika, ga ɗan nan yau yana koyarwa a lakwal, makarantar boko. Kai ne duk farin da ya biyo baya, da rijiyoyi suka yi ƙasa guga ya yi ta yagewa a kan dutse, kake ɗinka wa matan da mazansu ba su nan ka ce su bari sai kaka, da kaka ta zo kuma ka yi kamar ka manta. Injin moton an canza shi sau uku, kai ba ka canza hali ba. Guragu huɗu ka koya wa ɗinki, biyu suna da motonsu yanzu, kuma kai ka raka su wurin maƙeri aka gyara musu gindi kafin su sha irin ƙasar da ka sha.

Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, ba wanda ya rataya maka lambar yabo. Mu dai da muka sha ruwan guganka, muka ci tuwon geron da ka ɗauko, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske, ya yi wa Zara'u albarka, ya jiƙan Namadi da ya riga mu.

Ku kuma iyayen da Allah ya ba ɗa marar ƙafa, kada ku ɗauke shi ku ajiye a bakin titi. Ku kawo shi Garin Auta tun Jatau yana da rai, ya ce ko ido ya tafi bakinsa na iya koyarwa. Da aka tambaye shi abin da zai fara gaya wa yaron, bai yi dogon tunani ba.

"In ce mishi shekarata saba'in, kuma ban taɓa cin lomar da ba ni na nemo ta ba."