Naman Ƙauri daga Gidan Surukai

Ni dai ba a miƙo mini nama a ɗaure cikin leda. Shekarun da na yi ina dafa shinkafa da miya a bakin tashar Tawa sun sa ba na yarda da bakin mahauci sai idona ya gani, yatsana ya taɓa. Mahaucina na kasuwa, wani dogon baƙi mai haƙorin Makka, in ya hango ni tafe sai ya ce wa na kusa da shi, "Ku ɓoye na jiya, ga masifa nan." Ni kuwa in ce, "Barunje, ka ji tsoron Allah, juyo mini cinyar nan in ga bayanta."

Nama iri-iri ne, kowa da kuɗinsa. Akwai naman san kiwo, ja mai haske, kitsensa fari tas, in ka danna yatsa sai wurin ya taso ya koma yadda yake. Akwai na tsohuwar saniya, kitse rawaya, tauri kamar igiyar guga, yana cinye itace amma ba ya cutar da kowa. Sai kuma wanda ba na so ko a kyauta, naman dabbar da ta faɗi aka riga ta da wuƙa kafin ta mutu. Shi ya sa bayan na duba shuɗin hatimin likitan dabbobi a jikin cinya, nakan ce a nuna mini hanta da saifa. Tsoka takan yi ƙarya, kayan ciki ba sa yi.

Shekarar da nake son in ba da labarinta, ruwa ya sauka ke nan, ɗanyar ciyawa ta fara leƙowa, sai ɗiyata ta haihu a ɗakina. Haihuwar fari ce, ta zo gida wanka. Ita ma kuma ƴar farina ce, don haka tunda na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa nuna damuwa da ita a gaban mutane ba. Haka muka taso muka tarar. Mijinta yana gyaran babur a nan cikin gari, amma danginsa suna wani ƙauye can gaba da Afala. Wadda ta rene shi ƙanwar ubansa ce, tsohuwa gajeruwa mai kaifin baki da sakin hannu, kowa Gwaggo yake ce mata, har ni.

Kafin suna dangin miji kan aiko da ƙafafun saniya a dafa wa maijego ƙauri, ta sha romo jikinta ya dawo. Ƙafafu huɗu ne, sai ɗan abin da ba a rasa ba. To ranar nan da hantsi sai ga Gwaggo a bayan babur, da buhu ƙato ɗaure a bayanta, ana sauke shi da ƙyar. Na yi guɗa, na yi mata sannu da hanya, na kawo ruwa. Amma raina bai kwanta ba. Na san gidan. Mutanen kirki ne, sai dai shanunsu ba su kai a yanka guda saboda ƙauri ba.

Ta kwance bakin buhun da kanta, fuskarta cike da alfahari. Ga ƙafafu, ga ƙirji, ga rabin cinya, ga hanta guda a cikin kwano. Wallahi kitsen nan fari ne, mai kauri, irin wanda ko a teburin mahaucina sai ranar sa'a. Duk wanda ya gani zai ce naman farko ne. Maƙwabtana da suka shigo barka sai sa albarka suke yi.

Ni kuwa ƙasan buhun nake kallo. Jini ne ke tsiyaya daga kusurwarsa, baƙi ƙirin kamar kwalta, yana bin ƙasa a hankali. Tun daga bayan Afala aka ɗauko naman nan cikin rana, ya kamata a ce jinin ya daskare tuntuni. Wannan bai daskare ba.

Na ce, "Gwaggo, wannan hidima haka? Sa kuka kayar mana?"

Ta ce, "Saniya ce, wadda ta fi duka ƙiba a garken. Jiya lafiya lau ta ci ciyawa ta sha ruwa. Yau da asuba sai muka ga ta kwanta tana rawar jiki. Allah ya taimaka aka riga ta da wuƙa. Na ce ai rabon maijego ne ya kira ta."

Na daure na ce, "Ina saifar?"

Ta yi dariya. "Ke kuma, duk wagga tsoka ba ta ishe ki ba sai saifa? Ai ba ki ga abin mamaki ba. Ta kumbura har ta kai matashin kai, baƙa, tana narkewa a hannu. Karnuka muka jefa wa."

Tun ina yarinya nake jin tsofaffi suna faɗin ciwon saifa. Ba ramammiya yake ɗauka ba, mai ƙibar yake zaɓa, farkon damina, dare ɗaya. Wanda ya feɗe yakan fito da baƙin ƙurji a hannu, wanda ya ci kuwa sai abin da Allah ya yi. Ban taɓa gani da idona ba sai ranar. Ga ɗiyata a ɗaki, jikinta ɗanye, jaririya na tsotso. Ga kuma suruka a tsakar gidana da kyautar da ba a taɓa mayarwa ba. Wa ya taɓa jin uwar maijego ta ƙi ƙaurin dangin miji? Ai daidai yake da ka ce musu ku sa ɗanku ya ba ta takardar saki.

Sai dabara ta zo mini. Na ce, "Gwaggo, ki huta, kar ki taɓa komai. Kimba da masoro sun ƙare, bari in leƙa kasuwa." Na faki ido na yanki ɗan guntu na sa a leda, na fita ina sauri kamar ana kora ta.

Mahaucina ya buɗe baki zai fara tsokanar da ya saba, sai na buɗe masa ledar. Bai taɓa ba. Ya leƙa, ya ja da baya, ya tambaye ni daga ina. Na gaya masa har maganar saifar. Mutumin da bai taɓa yi mini magana ba sai da wasa, ranar muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Hajiya, ɗauke mini shi daga kan tebur. Ki je ki wanke hannu da sabulu da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayar cuta. A haƙa rami mai zurfi, a ƙone a binne, har buhun. Ko kare kar ya lasa." Ya ciro mini ƙafafu huɗu na wani sa da aka yanka a mayanka da safen nan, ya nuna mini hatimin a cinyar san ba tare da na tambaya ba. Niyyata in koma in musanya su a ɓoye, in dafa nawa, Gwaggo ta koma gida da mutuncinta.

Tun daga bakin lungu na jiyo ƙaurin babbaka. Ashe tsohuwar ba ta iya zama ba, irin mutanen nan ne da hannunsu ba ya hutawa. Ta hura wuta, ta babbake ƙafafun, ta ɗora tukunya. Ta kuma yanka hantar ta gasa a kan garwashi sama-sama, yadda ake yi wa maijego don jini ya dawo. Na same ta tana fitowa daga ɗakin ɗiyata da kwano a hannu.

Ta ce, "Kin daɗe. Na kai mata yanka guda, in ta cinye ga na biyu zan ƙara mata."

Ban san lokacin da na kaɗe kwanon ba. Hantar ta zube a ƙasa, kwanon ya gangara har gindin randa. Na ce, "Ba za ta ci ba! Wallahi ba za ta ci ba! Saniyar nan saifa ce ta kashe ta, Gwaggo, mutuwa kika ɗauko a buhu!"

Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Ni? Ni zan kawo wa matar ɗana mutuwa? An yanka ta da bisimilla, jini ya zuba, limaminmu yana tsaye. Don kuna birni sai naman gidanmu ya zama mushe?"

Na sassauta murya, na roƙe ta. Na ce ba maganar halal ba ce, ciwo ne, ta wanke hannu mu tafi asibiti yanzu. Na nuna mata jinin da har lokacin bai daskare ba. Ina! Zuciya ta riga ta hau. Ta sunkuya ta ɗauki yanka mafi girma daga ƙasa, ta kaɗe yashin a gefen zaninta, ta sa a baki. Na kama hannunta, ta fizge. Ta tauna tana kallon cikin idona, ta haɗiye, ta ɗauki wani. Sannan ta ce, "To ga shi na ci. In mutuwa ce, ta fara da ni." Ta ɗauki mayafinta ta fita, ko sallama babu.

Na faɗa ɗaki. Ɗiyata ta juya fuska ga bango tana kuka, ta ji duk abin da aka yi. Na ce, "Kin ci?" Ta ƙara matsawa jikin bango. Na sake tambaya, ta ja zani ta rufe kanta. Haushina take ji, na tozarta mata suruka a gaban mutane. Sai na kama kafaɗunta na girgiza ta, na kira sunanta, sunan da ban taɓa furtawa ba tunda aka raɗa mata shi. Ta zabura ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo ɗan kwano, ta ɗaga faifan. Yankan hantar na nan, ko gefensa ba a gutsura ba.

Ta ce, "Inna, yaya zan ci abu a gabanta? Jira nake ta fita."

Na zauna a ƙasa daɓas, na yi kukan da ban yi ba ranar haihuwar.

Maza maƙwabta suka haƙa rami a bayan gari, aka ƙone naman da buhun da ƙasar da jinin ya jiƙa, aka binne. Tukunyar ma ban sake dafa komai a cikinta ba. Na sa aka kira mijin ɗiyata, na ajiye kunya na gaya masa baki da baki ya bi gwaggonsa ya kai ta asibiti, ya kuma hana mutanen ƙauye cin sauran. Ya tafi, fuskarsa a ɗaure. Wasu sun ji, sun je an ba su magani. Wanda ya feɗe saniyar ya fito da baƙin ƙurji a damtse, ya warke da tabo. Gwaggo kuwa ta ce ba inda za ta, zuwa asibiti ai yarda ce da maganata. Ko da cikin ya fara murɗa mata ɓoyewa ta yi, sai da ta kasa tashi. A hanya ta cika, kafin su iso Tawa.

Ana gobe suna labarin ya zo. Ba a yi kiɗa ba, ba a yi guɗa ba. Da safe liman ya yi addu'a, aka yanka rago, uban jaririya ya sa a raɗa mata sunan Gwaggo. Ƙaurin san mahaucina na dafa, ɗiyata ta sha romon tana hawaye.

Yarinyar yanzu ta yi wayo, gajeruwa ce, ga baki. Uwarta ba ta iya kiran sunan, na surukarta ne, ubanta ma sai dai ya ce Gwaggo. Ni kaɗai ce a gidan ke kiransa, safe da yamma, duk lokacin da na zuba mata abinci.